Abin da Ke Bayan Dashbod

'Yan uwa marubuta da masu koyon rubutu, barkanmu da sake haɗuwa a zauren makalar mako. Yau za mu ɗan ajiye maganar jigo da salo, mu leƙa gareji. Abin da muka zo da shi magana ce a kan rediyon mota da yadda mutum zai ɗaura shi da hannunsa. Wanda ya ga kamar mun yi ɓatan kai ya yi haƙuri ya biyo mu.

Duk wanda ya saba hawa motar haya ya san matsayin rediyo a wurin direba. Da shi yake jin labaran safe, da shi yake sauraron tafsiri a watan azumi, kuma shi ke hana shi gyangyaɗi idan rana ta take, fasinjoji duk sun yi barci sun bar shi da kwalta. A littattafanmu kuwa rediyon mota bai wuce layi ɗaya ba. Saurayi ya shiga haɗaɗɗiyar motarsa, ya saki tattausan kiɗa, ya nufi gidan budurwa. Mun karanta wannan layin ya fi a ƙirga. Ba mu taɓa cin karo da labarin da ya zaro rediyon ya nuna mana abin da ke bayansa ba, alhali a can ne ake bambance wanda ya yi aiki da tsoron Allah da wanda ya yi ha'inci ya rufe.

Motar da muke magana a kanta Golf 3 ce ta babban yayanmu, irin wadda kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙerawa a 1991, wadda har yau take jigilar mutane a hanyoyin Arewa kamar ba ta san tsufa ba. Yana lodi daga Kano zuwa Daura, ta Ɗambatta da Kazaure. Ita ke ciyar da gidansa, ita ke tallafa wa gidanmu, kuma daga cikinta aka riƙa fitar da kuɗin rajistarmu har muka karɓi difiloma. Rediyon kaset ɗin da ta zo da shi ya daɗe da mutuwa. Wanda ya maye gurbinsa wani mai gyara ne ya ɗaura shi a bakin titi cikin minti ashirin, kuma tun daga ranar yake fama da cutar mantuwa. Da an kashe mota sai ya manta komai. Agogo ya koma sifiri, tashoshin da aka ajiye su goge, littafin da Yaya ke saurara a memori ya koma babi na ɗaya. A tsaya shan mai, babi na ɗaya. A tsaya salla a Kazaure, babi na ɗaya. Akwai fasinjojin da suka haddace farkon wani littafin soyayya, ba su taɓa jin ko an ɗaura auren ba. Daga baya ya fara ɗaukewa idan an faɗa rami. Rannan kuma ya fitar da ƙaurin roba ya yi shiru gaba ɗaya.

Da Yaya ya tara kuɗin sabo sai ya rantse motarsa ta gama zuwa bakin titi. Garejin kirki kuma layi ne, sai ya yi asarar lodin yini guda. Ya dube mu ya ce, "Ku 'yan boko, duk karatun nan naku ba za ku iya haɗa 'yan wayoyi ba?"

Muka ce, "Yaya, difilomarmu fa ba ta lantarki ba ce."

Ya ce, "Amma ai an koya muku karanta takarda, ko? To rediyon da takardarsa yake zuwa."

Muka karɓa, amma mun san nauyin abin da muka ɗauka. Idan waya ta kama da wuta a bayan dashbod, abincin gida biyu za ta ci. Saboda haka muka nemi mako guda na tambaya da karatu kafin mu taɓa ko sukuru ɗaya, aka tsayar da safiyar Juma'a, tunda ba ya lodi sai an sauko daga masallaci.

Aikin yana farawa ne tun a kasuwa. Abu na farko shi ne girman ramin da rediyo ke shiga. Yana da ma'auni tsayayye: faɗi milimita 180, tsayi milimita 50. Jamusawa ne suka fara tsayar da shi, shi ya sa ake ce masa DIN, sunan hukumar ma'aunansu, sannan a 1984 ya zama ma'aunin duniya. Akwai mai ninki biyu, 180 da 100, wanda yawancin masu allo ke zuwa da shi. Golf 3 ƙaramin rami gare ta. Zurfin ramin kuwa ba a tsayar da shi ba, don haka gara mutum ya auna nasa kafin ya fita daga gida.

Abu na biyu, wanda zai sayi na gwanjo ya sa a jona masa a batir a nan shagon, ya murɗa tashoshi daga farko har ƙarshe. Tsofaffin rediyoyin da aka ƙera don kasuwar Japan zangonsu na FM daga 76 yake tashi ya tsaya a 90. Irin wannan a Kano zai kama maka Dala a kan 88.5, amma ko da kuka ba zai kai ka Freedom a kan 99.5 ba. Fuskarsa tana ƙyalli, sautinsa garau, sai ka je gida ka tarar yawancin tashoshin gari ba ya jin kiransu.

Abu na uku, kada lambobin jikin kwali su ruɗe ka. Za ka ga an rubuta 4 x 50, wato wat 200. Juya bayan rediyon ka dubi fiyus ɗinsa, mafi yawa na amfiya 10 ne. Lissafin sakandare ya ce wat shi ne bolt sau amfiya. Motar da injinta ke aiki tana ba da wajen bolt 14, sau 10 ya zama 140, kuma kaso mai yawa a zafi yake tafiya. Ashe 200 ɗin nan ƙarfin ƙiftawar ido ne. Na gaskiya bai wuce wajen wat 20 a kowace sifika ba, kuma wannan ya ishi ƙaramar mota har da saura.

Mai shago ya so ƙwarai ya sayar mana da mai allon da ke fitowa kamar harshe, ya ce fasinja za su riƙa kallon fim. Irin waɗannan suna da wata waya da ake kaiwa birkin hannu, domin hoto ya ƙi fitowa sai mota tana tsaye. Masu ɗaurawa da yawa suna ɗaure ta a ƙarfe kawai, fim ya yi ta yi ana gudu. Kafin mu ce komai Yaya ya yanke maganar. Ya ce, "Kunne nake nema wa abinci. Ido na hanya ne." Muka ɗauki marar allo, mai FM da ramin memori da filash da Bluetooth.

Daga nan muka je wurin wani dattijo mai wayarin a unguwarmu, wanda tun muna yara muke ganinsa kwance a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje. Muka durƙusa muka gaishe shi, muka ce, "Baba, mun zo aron mita ne da neman shawara." Ya yi dariya ya ce ashe yau malamai ne suka zo ɗaukar karatu. Ya miƙo mana mitar awon wuta da ƙarfen narka dalma, ya ce, "Yarana, abu biyu zan ba ku. Ku cire kan batir kafin ku taɓa komai. Sannan launin waya ba ya rantsuwa, ku tambayi mita." Bai karɓi ko sisi ba. Waɗannan jimloli biyu su ne rabin aikin.

Batir yana da kai biyu, mai alamar ƙari da mai alamar ragi. Mai ragin ake fara cirewa, yawanci da sifana mai lamba 10. Dalili shi ne duk ƙarfen jikin mota a haɗe yake da wannan kan. Idan sifana ta goga jikin mota kana kwance shi, babu abin da zai faru. Idan kuwa mai ƙarin ka fara kamawa sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsi ne da ƙuna. Bolt 12 ba ya jan mutum kamar wutar gida, wannan ne ke sa a raina shi, amma batirin mota yana iya zubo ɗaruruwan amfiya a lokaci guda, ya mai da zobe ko agogon ƙarfe garwashi a hannun mai shi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wanda kuma yake da rediyon asali mai lambar sirri, yana son ya ajiye shi ko ya sayar, ya nemo lambar tukuna, domin da wuta ta yanke zai kulle kansa.

Da muka zaro tsohon rediyon sai muka yi shiru, mu da Yaya. An datse soket ɗin da motar ta zo da shi daga kamfani an jefar. An murɗa wayoyi da hannu, an naɗe su da salatif, salatif ɗin ya saki ya zama danƙo. Waya ɗaya tsirara take, tana gogar ƙarfen ramin, har ta bar baƙin tabo a wurin. Da muka buɗe akwatin fiyus sai muka tarar na rediyo ya daɗe da ƙonewa, an naɗa masa zaren waya a madadinsa. Fiyus mai gadi ne da aka ajiye domin ya mutu a madadin mota. Wanda ya ɗaure shi da waya ya sallami mai gadi ya bar ƙofa a buɗe. Sama da shekara Yaya yana ɗaukar rayukan mutane da wannan a gaban gwiwarsa, kuma daga waje fuskar rediyon tsaf take, babu mai cewa ga abin da ke ciki.

A nan kuma muka ga tushen mantuwar, amma sai mun yi bayanin wayoyin sabon rediyo za a gane ta. Manyan kamfanoni irin su Pioneer da Sony da Kenwood da JVC sun yi ittifaƙi a kan launuka. Baƙa ta ƙarfen mota ce, ta nan wuta ke komawa. Shuɗiya ta eriya ce, shuɗiya mai farin layi kuma tana tayar da amfilifaya idan akwai. Mai ruwan lemo tana rage hasken fuskar rediyo idan an kunna fitilu da dare. Takwas na sifikoki ne, bibbiyu: farare na gaba hagu, masu ruwan toka na gaba dama, koraye na baya hagu, shunayya na baya dama, kuma a kowane biyu mai baƙin layi ita ce ta ragi. Saura biyu, ja da mai ruwan ɗorawa, kuma a kansu duk rigimar take.

Mai ruwan ɗorawa tana son wuta dare da rana, ko mota a kashe take. Da ita rediyo ke riƙe agogo da tashoshi da inda aka tsaya. Ja kuwa 'yar aike ce, tana samun wuta ne idan an murɗa makulli, ta ce wa rediyo tashi, idan an kashe ta ce kwanta. Mai gaggawa yakan haɗe su biyun ya murɗa a waya ɗaya. Idan ya murɗa su a wayar makulli, rediyo zai yi mantuwa, kuma abin da aka yi wa Yaya ke nan. Idan ya murɗa su a wayar da ba ta ɗaukewa, rediyo zai yi ta ci ko an zare makulli, ranar da aka manta shi a kunne a wayi gari ana neman masu turi. Duka biyun suna kiɗa a gaban mai mota lokacin da zai biya kuɗi. Sai an rabu ake ganin bambanci.

Launukan nan da muka lissafa na rediyo ne. Na mota kowane kamfani da nasa, kuma a nan maganar Baba ta fito fili. A motocin Jamus wayar ƙarfe ruwan ƙasa ce. Ja a wurinsu yawanci ita ce mai wutar da ba ta ɗaukewa, baƙa kuma a wurare da yawa wutar makulli take ɗauke da ita. Wanda ya zo da dokar ja da ja, baƙa da baƙa, ya shiga uku. Ko soket ɗin ba a datse shi ba, akwai wani tarkon. Soket ɗin da ake ce wa ISO gida biyu ne, ɗaya na wuta ɗaya na sifikoki, kowanne da rami takwas. A tsarin da aka saba, rami na 4 shi ne na wutar dindindin, na 7 na makulli. Volkswagen da Opel na waɗancan shekarun sun juya su. Shi ya sa za ka ga wayar da ke zuwa da rediyoyi da yawa tana da mahaɗa a tsakiyar ja da mai ruwan ɗorawa, domin a cire a musanya ba tare da an yanka komai ba. Aikin daƙiƙa goma ne ga wanda ya sani.

Muka ware wayoyin motar ɗaya bayan ɗaya yadda babu mai taɓa wata, muka mai da kan batir, muka sa mita a kan awon wutar batir. Baƙin tsinkenta a kan ƙarfe marar fenti, jan kuma muna bin wayoyi da shi. Makulli yana aljihun Yaya, waya ɗaya ta nuna 12 da 'yan ɗigo. Ja ce mai farin layi, ita ce ta dindindin. Aka murɗa makulli, wata ta farka, da aka zare ta ɗauke. Ruwan ƙasa ce mai jan layi, wadda mai bin launi zai rantse 'yar uwar wayar ƙarfe ce. Aka kunna fitilu, ta uku ta amsa. Muka sake cire kan batir, muka juya mita wurin da take ƙara idan hanya a haɗe take, muka tabbatar da wayar ƙarfe. Kowace muka gano sai mu manna mata 'yar takarda, mu kuma rubuta a littafi. Gargaɗi ɗaya a nan: a ƙarƙashin dashbod na motoci da yawa akwai wayoyi masu riga ko soket ruwan ɗorawa, waɗanda na jakar iskar da ke fashewa lokacin haɗari ne. Ba su da dangantaka da mai ruwan ɗorawa ta rediyo. Ba a tsikarinsu, ba a gwada su, ba a ma yi musu kallon sha'awa.

Gano wayoyin sifika shi ne wurin da ya fi daɗi. Bayan an fitar da na wuta gefe, sai a ɗauki ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5, a ɗan taɓa wayoyi biyu a kawunansa. Idan na sifika ɗaya ne za ta yi ƙas. Ɗaya yana taɓawa, ɗaya yana zagaya mota da kunne. Yaya, mutumin da ba ya son wasa, sai ga shi durƙushe a ƙofar baya yana cewa, "Sake, ban ji ba. Yauwa, ta nan ce!" Idan ana ganin fatar sifikar, a lura: ta turo waje, to wayar da ke kan ƙari ita ce ta ƙari. Wannan yana da amfani, domin idan aka juya ɗaya, wata tana turawa wata tana ja, sai kaurin sauti ya ɓace, ganga ta koma kamar ana buga faranti. Akwai kuma dokar da ba a karyawa: ba a ɗaure wayar ragi ta sifika a ƙarfen mota, ba a kuma haɗe ta da ta wata sifikar don tsimin waya. A rediyon zamani duka wayoyin biyu suna ɗauke da wuta. Wanda ya yi haka zai ƙona abin da ke ba da sauti a ciki, ya koma yana zagin mai shago.

Da muka zo haɗi sai muka ƙi murɗa wayoyin rediyo kai tsaye a na mota. Tun ranar Laraba mun sayo soket a Ƙofar Ruwa, wanda aka yanko da jelarsa daga wata mota da aka farke. Shi muka mayar wa motar, muka sa kowace waya a raminta na ƙa'ida. Kowane haɗi muka fere, muka murɗa, muka narka masa dalma, muka ja masa robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi. Wanda ba shi da dalma akwai 'yan bututun ƙarfe da ake matsewa da filaya, su ma suna riƙo idan an matse su sosai. Abin gudu shi ne murɗi da salatif kawai. Motar da ta wuni a rana a watan Afrilu, cikinta tanda ne. Gam ɗin salatif yana narkewa, ramukan hanya suna girgiza murɗin, wata uku ko shida sai tsiraici ya bayyana. Wayoyin da ba mu yi amfani da su ba muka toshe bakin kowace daban. Muka sa sabon fiyus daidai da lambar da aka rubuta wa gurbin, ba mu ƙara ba. Mayar da soket ɗin ya ci mana kusan awa guda, kuma babu fasinjan da zai taɓa ganinsa. Amma duk wanda zai canja rediyo a motar nan bayanmu, cirewa kawai zai yi ya jona.

Eriya ma tana da nata. Bakin wayarta a motocin Turai yakan bambanta da ramin sabon rediyo, sai an sa ɗan mahaɗi. Wasu kuma, musamman masu eriya a kan rufi, suna da ɗan abin ƙara ƙarfi a gindinta wanda rediyon asali ke ciyarwa ta cikin wayar. Sabo ba ya yin haka sai an sa mahaɗin da ke karɓar wuta daga shuɗiyar waya. Idan ka ga tasha tana shashasha tun ba ka bar gari ba, nan za ka fara dubawa.

Ba a tura rediyo cikin rami sai an gwada shi a waje. Muka mai da kan batir, muka murɗa makulli, ya haska. Muka saita agogo, muka ajiye tashoshi, muka kai sauti hagu da dama, gaba da baya, kowace sifika ta amsa daga inda ya dace. Muka tayar da inji muka taka totur muna sauraro, domin idan akwai wani siririn kuka da ke tashi tare da inji, wayar ƙarfe ba ta kama da kyau ba. Babu. Sannan gwajin da muke jira: aka zare makulli, rediyo ya mutu, muka ƙirga minti biyar, aka mayar. Agogo yana nan, tashoshi suna nan. Muka ɗaure wayoyi tsaf yadda babu wadda za ta matse, muka lanƙwasa haƙoran akwatin ƙarfen da ke riƙe rediyo, muka tura shi ya yi ƙas. Awa huɗu cif, a aikin da wani ya yi a minti ashirin. Yaya bai ce komai ba sai "Allah ya yi albarka." Bayan kwana uku ya aiko mana da saƙo cewa an ɗaura auren.

Kada wannan ya sa wani ya ɗauki filaya ya nufi kowace mota. Golf 3 mai sauƙin kai ce. Motocin baya-bayan nan rediyonsu yana magana da kwamfutar mota. A wasu babu ma wayar makulli a soket, umarnin ta kwamfuta yake zuwa. A wasu maɓallan sitiyari da amfilifayar kamfani da ƙarar gargaɗin ƙofa duk ta cikinsa suke bi. Irin waɗannan sai da mahaɗi na musamman da hannun da ya saba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mu dai abin da awa huɗun nan suka ƙara mana shi ne ganin girman mai wayarin na ƙwarai. Yanzu idan ya faɗi kuɗinsa mun san abin da ake biya: awon da ya yi, dalmar da ya narka, fiyus ɗin da ya ƙi ɗaurewa da waya ko da mai mota yana gaggawa. Kuma mun san tambayar da za mu yi wa wanda ba mu sani ba kafin mu ba shi makulli: ina mitarka?

To, 'yan uwa, me ya kawo wannan zauren marubuta? Littafin da ke cikin memorin Yaya wani daga cikin irinmu ne ya rubuta shi. Masu sauraronmu direbobi ne da kanikawa da teloli da ma'aikatan asibiti, kuma kowannensu ya san sana'arsa fiye da mu. Ranar da jaruminmu ya gyara mota ta hanyar da ba a gyara mota, direba zai yi murmushi, daga nan kuma ya daina yarda da mu ko a kan soyayyar da muka iya. Labari ma yana da bayan dashbod. Nisan gari zuwa gari, shekarar da abu ya faru, sunan kayan aiki a bakin masu shi, yadda yaron gareji ke amsa wa ubangidansa, duk wayoyi ne da mai karatu ba ya gani. Ana iya murɗa su a naɗe da kalmomi masu ƙyalli, littafi ya fito ya yi kiɗa a ranar ƙaddamarwa. Ana kuma iya tashi a je a durƙusa gaban wanda ya sani a ce, Baba, mun zo aron mita. Ba su da rowa. Yawancinsu ba a taɓa tambayarsu ba ne.

Muna roƙon masu kula da zaure su ba mu dama mu ajiye wannan a matsayin aikin gida. Kowa ya zaɓi sana'a ɗaya a unguwarsu, walda ko ɗinki ko gyaran waya ko tuyar ƙosai, ya zauna da mai ita na awa biyu, ya kawo mana kalmomi goma da bai sani ba a da, da abu ɗaya da mai ha'inci ke yi a sana'ar wanda mai saye ba ya gani. Wanda kuma yake da ilimin wayarin a cikinmu, ƙofar ƙarin bayani a buɗe take. Allah ya tsare direbobinmu da fasinjojinsu, ya sa albarka a alƙalumanmu. Sai mako mai zuwa idan mai kowa ya kai mu.